Kwana Biyar A Ƙasar Gumel Tare Da Mahaifiya

A wannan mako na ajiye amsa tambayoyin da kuka aiko, domin in ba ku labarin wata 'yar tafiya da muka yi a hunturun da ya wuce, ni da mahaifiyata da ƙanwata, zuwa ƙasar Gumel. Tafiya ce gajera, wadda direbobin haya kan yi su dawo a yini guda, amma mu ta ɗauke mu kwana biyar, ta kuwa koya mini abin da ban samu ba a cikin shekarun da na yi ina karantarwa.

Asalin maganar daga ƙanwata ta fito. Ma'aikaciyar gwamnati ce, ta daɗe tana tara kuɗi da niyyar ta yi wa Inna wani abin da za ta daɗe tana tunawa da shi. Sai ta ji labarin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda mutum kan kama ɗaki a ciki ya yi kwanaki bisa teku, ana ciyar da shi, ana tsayawa da shi gari gari. A Turai da Amurka an daɗe ana wannan, 'ya'ya kan ɗauki iyayensu tsofaffi su tafi da su. Tun ƙarshen 2024 kuma wani kamfanin Saudiyya ya fara tashi da irin wannan jirgi daga Jidda, yana zagaya Bahar Maliya. Ƙanwata ta ce, "Yaya Malam, in mun yi umara sai mu hau da Inna, ta ga teku, ta huta. Kai ne muharraminmu, sai ka shirya."

Ban ga laifin wannan shawara ba. Muka je muka durƙusa gaban Inna muka shimfiɗa mata magana, har ƙanwata ta nuna mata hoton jirgin a waya, bene bisa bene kamar unguwa guda. Inna ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ce, "Babanmu ya taɓa ƙetare wannan ruwa. Ta ƙasa ya tafi, ya bi ta Chadi da Sudan, ya hau jirgi zuwa Jidda, bai dawo gida ba sai bayan shekaru. Shi hajji ya kai shi. Ni kuwa in yawo za ku kai ni, ku kai ni gida. Ina so in ga Gagarawa, in ga kasuwar Maigatari, in kuma ga ƙanena tun muna da rai."

Da ta ambaci ƙanenta sai gabana ya faɗi, domin shekara 19 ke nan ba ta taka gidan Kawu ba, shi ma bai tako namu ba, ni ne kuwa sanadi. Zan kawo wannan labari a inda ya dace.

Hanya Da Masauki

Ranar Talata da hantsi muka tashi daga Kano, ƙanwata da Inna a baya, ni a gaba kusa da direba. Muka yi azahar a Gujungu, garin da kasuwarsa ke ci ranar Lahadi. Da yake ba ranar kasuwa ba ce, sai rumfuna wayam da awaki suna kiwo a tsakaninsu. A nan muka yi ƙasaru, domin tsakanin Kano da Gumel ya haura mil 48 ɗin da malaman Malikiyya suka iyakance. Amma da muka sauka Gumel da niyyar zama fiye da kwana huɗu cikakku, sai muka koma cika salla, kuma zirga-zirgar da muka yi daga can zuwa garuruwan da ke kewaye ba ta kai nisan ƙasaru ba. Na faɗi wannan ne saboda 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke yawan tambayata game da rangadi da cin kasuwannin ƙauye.

Daga Gujungu zuwa arewa ƙasa takan canja a idon mai kallo. Rairayi ya yawaita, irin wanda ake kira jigawa, wanda daga gare shi jihar ta samo sunanta sa'ad da aka cire ta daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991. An riga an girbe gero da ridi, sai karare a tsaye, da kuka da aduwa da magarya jefi jefi. Gawo ne kaɗai ke da ganye shar, domin shi al'adarsa daban ce, yakan kakkaɓe ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi, tun da ba ya tare wa shuka rana, ga taki a gindinsa, ga abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare. Inna ta yi ta kiran sunayen itatuwa ɗaya ɗaya kamar mai gaida 'yan'uwa. A gida Kano takan yini ba ta yi magana goma ba.

Muka sauka a gidan wani aminina da muka yi karatu tare. Ƙasar Gumel a yau ƙananan hukumomi huɗu ce, wato Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, muka kuwa shirya mu taka kowacce.

Tashar Gagarawa

Ranar Laraba muka nufi Gagarawa. Wanda bai san tarihi ba zai wuce garin bai waiwaya ba, alhali kuwa a da nan ce ƙofar da ƙasar Gumel ke fita duniya ta cikinta. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim, ya ratsa Gagarawa da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. Turawa sun shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da fatu, saboda haka da kaka sai jakuna da raƙuma su yi ta sauke buhuna a bakin sikeli, a loda a taragu zuwa Kano inda ake gina dalar gyaɗa, daga can sai Ikko, sai jirgin ruwa. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki, kwalta da manyan motoci kuma suka janye abin da ya rage.

Ranar da muka je ba mu ga jirgi ba, sai yara suna tafiya bisa ƙarfen dogo suna gwada wanda zai fi daɗewa bai faɗo ba. Inna ta sa muka riƙe ta har bakin layi, ta tsaya ta dubi yamma. Ta ce a nan ta fara hawa jirgi, a 1966, tana amarya za a kai ta Kano. Daga ƙauyensu a kan jakuna aka kawo kayanta, ƙwarya da tasoshi da tabarmi, ƙanenta kuwa, wanda a lokacin bai wuce shekara goma sha biyu ba, shi ya ɗauko akwatinta a ka. Da jirgi ya yi kuka ya fara motsi, sai yaron ya bi shi da gudu yana kiran "Yaya, Yaya," har ya faɗi a cikin ƙaya. Ta ce tana kallonsa ta taga amma ba ta iya ɗaga hannu ba, saboda an lulluɓe ta, ga kuma dangin miji a zaune.

Shekarata hamsin da 'yan kai a duniya ban taɓa jin wannan labari ba. Ƙanwata ta juya baya tana gyara mayafi. Ni kuwa na yi shiru, domin yaron da ya faɗi a ƙaya shi ne mutumin da na rubuta wa takarda ina yi masa barazanar kotu.

Ga yadda abin ya faru. Kakanmu ya rasu ya bar gona, magadansa kuwa biyu ne, Inna da Kawu. Kamar yadda aka saba a ƙauyukanmu, ba a raba ba, namiji ya ci gaba da nomawa, macen da ke aure a birni ana aika mata da ɗan gero da kaka. A 2005 sai Kawu ya sayar da wani yanki na gonar bai shawarci kowa ba. A lokacin ina ji da karatu, na kuwa ƙware a lissafin gado. Na zauna na fitar da rabon Inna, kashi ɗaya cikin uku, na rubuta takarda mai zafi na aika masa ta hannun direba, na ce in bai biya ba mu haɗu gaban alƙali. Bayan wata biyu sai ga kuɗi cif cif. Daga baya muka ji cewa shanunsa na huɗa guda biyu ya sayar ya biya. Tun daga ranar ƙafa ta ɗauke, ko ta'aziyya sai dai a aika.

Kasuwar Maigatari

Alhamis ita ce ranar kasuwar Maigatari, muka yi sammako. Daga Gumel tafiyar ba ta kai sa'a guda ba, amma tun kafin a isa garin za ka fara cin karo da tireloli a jere da amalanken shanu da garkunan tumaki. Garin yana bakin iyaka ne sosai, ƙetarensa ƙasar Damagaram ce ta Jamhuriyar Nijar, wajen Dungas da Magarya. Kasuwar dabbobinsa tana cikin mafi girma a wannan yanki: ga shanu, ga dawaki, ga jakuna, ga raƙuma a durƙushe suna tuƙa, ga Buzaye da rawunansu, da Fulani, da Barebari, da fataken kudu waɗanda za su loda dabbobi zuwa Ikko da Fatakwal. A gefe guda ga buhunan ridi da zoɓo da ƙaro, waɗanda yawancinsu ƙasashen waje za su. 'Yan canji kuma suna zaune da naira da sefa.

Ƙanwata ta tsaya gaban wani raƙumi tana kallo. Na ce mata Larabawa kan kira shi jirgin sahara, saboda haka ga jirginta nan ta hau. Inna ta yi dariya har ta riƙe kafaɗata, abin da ba ta saba yi ba, domin ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗi.

Dillalan da muka zauna a rumfarsu sun ba mu labarin wahalar da suka sha lokacin rufe iyaka. An rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020, Maigatari kuwa tana cikin iyakoki huɗun da aka fara buɗewa. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wani dattijo a cikinsu ya ce abin da ya fi ƙona masa rai a lokacin, ɗiyarsa tana aure a ƙetare, tafiyar da bai fi ya yi ta da ƙafa ba, amma sai da ta haihu aka yi suna bai je ba. Inna ta ce, "Kai hukuma ce ta rufe maka. Akwai waɗanda su da kansu suka rufe." Ba ta dube ni ba, ni ma ban ɗaga kai ba.

Can sai ta ce a kai ta kara, wajen shanu. Muka ce rana ta yi zafi ga ƙura, ta ce ita 'yar manomi ce. Ta zagaya a hankali tana dogara sanda, tana duba wuya da ƙafafu da haƙora, har ta tsaya kan wasu bijimai biyu sa'o'in juna, waɗanda mai su ya ce sun riga sun saba da garma. Sai ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Kuɗin jirgin nan naki, za ki iya ba ni aron wani abu daga ciki?" Ƙanwata ta ce, "Inna, ai naki ne duka." Aka yi ciniki, aka biya la'ada, aka yi sallama. Kuɗin shanun bai kai abin da za mu kashe mu uku a kan teku ba. Na roƙi ƙanwata ta bar ni in biya rabi, ta yarda.

Juma'a A Gumel

Ranar Juma'a muka huta a Gumel, garin da mutanensa ke yi wa laƙabi da Lautai. Masarautar ta Mangawa ce, waɗanda suka kafa ta wajen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma, ta kuwa kasance tana bin Barno. Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo bai shigar da ita ƙarƙashin Sakkwato ba, saboda haka ta zauna tsakanin manyan maƙwabta, Kano da Haɗeja da Damagaram, ta sha yaƙe-yaƙe da su a ƙarni na 19. Tsohuwar hedkwatarta Tumbi tana cikin Nijar a yau, abin da ke nuna cewa iyakar da muka gani a Maigatari ta ratsa ta tsakiyar gida ɗaya ne. Baturen Jamus ɗin nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka Gumel a 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. A 1903 Sarki Ahmadu ya karɓi Turawan Ingila, aka sa ƙasar cikin Lardin Kano. Yau garin ya fi shahara da Kwalejin Horon Malamai ta jiha, wadda ɗalibanta suka cika makarantun wannan yanki.

Bayan an sauko daga masallaci na zauna da aminina a zaure na ba shi labarin abin da ke gabana gobe. Na ce masa har yanzu ban ga kuskure a lissafina ba, kashi ɗaya cikin uku haƙƙin Inna ne, kuma hana mata gado zalunci ne da ya yi yawa a ƙasarmu. Ya ce, "Malam, lissafinka daidai ne. Amma ita ta sa ka? Ka tambaye ta kafin ka rubuta? Kuma me ya hana ka hau mota ka je ka zauna a gabansa, ka gaishe shi, ka faɗa masa da baki?" Ban sami amsa ba. Gaskiyar magana ban tambaye ta ba. Na karɓo mata haƙƙinta na gona, na raba ta da ɗan'uwanta guda ɗaya tilo, ta kuwa yi shiru shekara 19 saboda kunyar ɗan fari.

Ƙauyen Kawu

Ranar Asabar muka bi hanyar yamma zuwa Sule Tankarkar, daga can muka sauka daga kwalta muka shiga rairayi. Sau biyu mota tana kafewa, samarin ƙauye suna tura mu. Shanun kuwa tun jiya wani yaro ya koro su ya kwana da su a gidan mai unguwa. A gefen hanya muka wuce layukan darbejiya da aka dasa shekarun baya domin tare iska da kwararowar hamada, sun girma sun zama inuwar matafiya.

Muka tarar da Kawu a ƙofar gida bisa buzu, yana jan carbi. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi hazo, ba ya gane mutum sai ya matso. Na yi sallama ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo. Sai Inna ta yi sallama daga bayana. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "Yaya?" Ta ce, "Ni ce." Ya yunƙura zai tashi, ta ce ya zauna, ta zauna a gefen buzun. Suka gaisa gaisuwa irin ta kullum, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, kamar jiya suka rabu. Babu wanda ya ɗaga murya, babu wanda ya ambaci gona. Aka kawo fura da nono, ta sha, ta ce gero ya yi daɗi bana.

Da na ga sun natsu sai na cire takalmi na durƙusa a gabansa na ce, "Kawu, ni ne na rubuta takardar nan. Inna ba ta sani ba. Na yi maka rashin ladabi, ka yafe mini." Ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Abin da ka rubuta gaskiya ne, haƙƙinta ne, ni ma na yi kuskure da na sayar ban gaya mata ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ɗan da aka haifa na je suna da rago, shi ne ya aiko mini da takarda ta hannun direba. Amma ya wuce. Allah Ya yafe mu baki ɗaya."

Da aka koro shanun sai ya ƙi karɓa. Ya ce shi bai ba da bashi ba, balle a biya shi. Inna ta ce, "Ba biya na zo yi ba. Rabona na karɓa, na ci, ya halatta gare ni. Wannan kuwa kyauta ce daga yayarka, ko ka manta wanda ya ɗaukar mini akwati zuwa Gagarawa?" Sai ya sa aka matso da su, ya shafa wuyan kowanne, ya tambayi shekarunsu, ya ce a kai su turke a ba su harawa. Inna da ƙanwata suka shiga cikin gida suka yini, ni da ɗansa muka zagaya abin da ya rage na gonar. Da la'asar muka yi sallama, Kawu ya rako mu har bakin mota yana riƙe da hannuna.

Abin Da Na Ɗauko

Ranar Lahadi muka kamo hanyar Kano, muka tarar da Gujungu ta cika maƙil, har sai da muka yi kusan sa'a guda kafin mu ratsa.

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, yawancinmu a birni muke, iyayenmu mata kuwa daga ƙauye aka kawo su. Idan Allah Ya buɗa mana, mukan so mu nuna musu godiya da abin da mu muke gani babba, wato jirgin sama, da otal, da asibitin ƙasar waje. Babu laifi a cikin wannan, niyyar ƙanwata kuwa ita ce ta buɗe ƙofar alherin da muka samu, Allah Ya saka mata. Amma kafin ka yanke wa tsohuwa inda za ka kai ta, ka zauna ka tambaye ta inda take son zuwa, ka kuma ba ta lokaci ta amsa, domin irin su ba su saba roƙon 'ya'yansu ba. Watakila abin da ke ranta bai fi kuɗin man mota da hutun kwana biyar ba.

Ga masu ilmi kuma, musamman matasa, ina yi muku nasiha da abin da na jarraba a kaina. Ku tsaya a ba mata gadonsu, kada ku sassauta a kan wannan. Amma ku je da ƙafarku, ku fara da gaisuwa, ku sa dattawa a tsakani, ku bar takarda da kotu su zama na ƙarshe. Kuma a raba gado da wuri, tun zukata suna haɗe, domin jinkirin rabo shi ne ya haifar da namu rikicin.

Ɗan Kawu ya yi waya ya ce shanun suna nan lafiya, sun fara jan amalanke suna kai taki gona kafin damina. Ƙanwata kuwa ba ta fid da rai da jirginta ba, ta sake fara tari. Inna ta ce in Allah Ya kai mu umara za ta tsaya a bakin teku a Jidda ta ga ruwan da babanta ya ƙetare, in ta ga hankalinta ya kwanta da shi, sai a yi maganar hawa.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye. Mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu koma kan tambayoyinku. Wassalamu alaikum.